Yadda Cittar Matan Zumunta Ta Yi Ƙiba

Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake ɓoyewar ba wani amfani za ta yi mini ba. A unguwarmu a Kafanchan, da an ambaci citta da duwatsu a numfashi ɗaya, kowa ya san gidan da ake nufi. To, ni ne wannan mutumin. Na zauna na rubuta labarina ne saboda ku samari, musamman masu irin halina, waɗanda idan aka ce su zauna wuri ɗaya na minti goma sai ƙafarsu ta fara rawa da kanta.

Kafin in lalace, ni yaron coci ne na gaske. Ni ne auta cikin mu biyar. Babanmu ya rasu ina ƙarami, mahaifiyarmu ce ta riƙe mu da noman citta da 'yan aladu uku zuwa huɗu a bayan gida. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina haddace ayoyi kafin malamin Sande Sukul ya gama karantawa, har tsofaffi suna cewa fasto zan zama. Mahaifiyata kuwa mace ce da ba a taɓa kama bakinta da ƙarya ba. Idan mata biyu suka yi faɗa a bakin rijiya, ba wurin mai unguwa ake zuwa ba, tambaya ake yi ko Mama tana wurin, abin da ta ce ta gani shi ke nan an gama magana. Sau uku a jere aka zaɓe ta shugabar zumuntar mata ta cocinmu, har sunanta na ainihi ya ɓace, kowa Mama Zumunta yake ce mata. Ba ta da babbar gona, ba ta da gidan bulo, wannan sunan shi ne duk dukiyarta.

Ni kuma da wani hali aka haife ni: ba na iya jira, kuma ba na iya ganin abu yana tafiya salin-alin ban sa masa gasa ba. Ina ɗan shekara tara na fara caca, ko da yake a lokacin ban san sunanta ke nan ba. Da ƙwallon kashu muka fara a bayan aji. Idan ƙadangaru biyu suka hau katanga, sai in taɓa na kusa da ni in ce, "Na dama ne zai fara gyaɗa kai, me za ka sa?" Ranar Lahadi kuwa kuɗin baikon da aka ba mu mu jefa a coci muke sawa a kan ko wa'azin fasto zai wuce ƙarfe goma sha biyu. Duk cocin babu yaron da ya kai ni sauraron wa'azi, ido ɗaya a kan fasto, ɗaya a kan agogon bango. Mama takan hango ni daga bencin gaba ta ce wa ta kusa da ita, "Kin ga auta na? Ruhu yana aiki a jikinshi."

Ina so ku gane wani abu tun yanzu. Ba kuɗin ne yake ja na ba. Ɗan lokacin nan ne tsakanin sa kuɗi da ganin abin da zai faru, lokacin da zuciya take bugawa har cikin kunne. Idan na ci, daɗin ba ya kai ni gida. Idan aka cinye ni kuwa sai in ji kamar an mare ni a bainar jama'a, ba ni da sukuni sai na rama. Duk wani aiki mai buƙatar haƙuri gudunsa nake yi, musamman gona. Da an ce gobe za a je gonar citta, tun yau cikina yake fara ciwo.

Da na gama sakandare da ƙyar, babban yayanmu ya saya mini babur, ina ɗaukar ɗalibai da 'yan kasuwa tsakanin Kafanchan da Gidan Waya. A lokacin ne shagunan cacar ƙwallo suka cika gari, kowace kwana da nata. Ranar da na fara shiga, kuɗin kwanon shinkafa na sa a kan wasanni bakwai, duka bakwai suka shigo. Na saya wa Mama atamfa, na ce mata aikin babur ne ya yi albarka, ta ɗora mini hannu a ka ta yi addu'a. Wannan cin shi ne babbar masifar da ta taɓa samuna, domin daga ranar na tabbata ni ba irin sauran wawayen da ke shagon ba ne, ni ina da kai.

Daga nan kuma sai "saura wasa ɗaya". Kullum saura wasa ɗaya. Tikitina zai yi ta tafiya lafiya lau, sai wata ƙungiya a wata ƙasa da ban san inda take a taswira ba ta yanke shi a minti na ƙarshe. Na sayar da madubin babur, na sayar da hular kwano, na sayar da takalmin da nake zuwa coci da shi. Wani ɗan alade ya ɓata a gidanmu, ni na fi kowa zagin ɓarawon.

Ana cikin wannan hali aka shiga shekarar da cuta ta faɗa wa citta a yankinmu. Gonaki suka ruɓe tun a ƙasa, iri ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, gwauraye da yawa a cocinmu ba su tsira da ko kwano ɗaya ba. Sai matan zumunta suka yi shawara: duk wadda cittarta ta ɗan tsira ta kawo abin da za ta iya, a haɗa a yi gona ɗaya ta zumunta, idan an haƙe a raba wa gwaurayen iri su sake tashi. Aka kuwa tara buhuna masu ɗan dama.

Ga wanda bai san citta ba, irin da za a shuka ba a ɗaki ake kulle shi ba. Bayan an haƙo shi wajen Kirsimeti, tsibi ake yi da shi a ƙarƙashin inuwa, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a bar shi yana shan iska, ba mai taɓawa sai ruwan shuka ya sauka. Sakatariyar zumunta, Madam Rifkatu, tsohuwar malamar firamare mai tabarau wadda ba ta yarda da kowa ba, ta so a sa shi a siton coci a rufe da kwaɗo. Mama ta ce zafi zai kashe shi.

"A kawo gindin mangoro na," in ji ta. "A gida na ko allura ba ya ɓata."

Ina tsaye a wurin ta faɗi haka, ni ne ma na yi jigilar buhunan a babur.

Matan zumunta suna koyon waƙa kowace Talata da yamma, kuma cocin ba shi da nisa da gidanmu, ana jin kiɗan tulu da muryar Mama tana ba da waƙa. Muddin ina jin muryarta, na san gida ba kowa. Wata Talata na ɗaga ciyawar ta baya, wajen katanga, na zura hannu na cika rabin buhu. Ban kira shi sata ba, aro na kira shi, ranar Asabar tikitina zai shigo in mayar da buhu guda cikakke. Na kai wa Malam Sule, wani dattijo da tun kakanninsa fataucin citta suke yi a kasuwar garin. Ya ɗauki ɗaya ya karya, ya sansana, ya dube ni.

"Wannan ai iri ne, har ya fara ido. Mama ta san ka kawo?"

Na ce kuskuren buhu na yi, na ɗaure kayana na fice. Daga ranar sai can wajen Godogodo nake kaiwa, inda masu saye a bakin titi ba su da yawan tambaya.

Asabar ta zo, saura wasa ɗaya. Ga kuma rami a cikin tsibin, bayansa ya lotsa. Sai na tuna zumuntar maza sun tara duwatsu a filin coci domin harsashin sabon gini, an kuwa yi wata da watanni ba wanda ya waiwaye su. Na cika buhu da ƙanana na kawo, na cusa a ramin, na shimfiɗa citta a kai, na mayar da ciyawa. Haka na tsara aikina kowace Talata, buhun dutse ya shigo, buhun citta ya fita, masu kayan suna can suna waƙar yabo.

Ga inda jahilci ya kashe ni. Ni ɗan manomiyar citta ne, amma saboda gudun gona ban san abin da kowa ya sani ba, cewa tsibin iri raguwa yake yi. Cittar tana bushewa tana motsewa, kafin damina tsibin ya sauka da taƙi guda ko biyu. Ni kuwa da na ga ya ɗan sauka sai gabana ya faɗi, in ɗauka asirina ne zai tonu, in ƙara dutse. Kuma da yake ban iya yin abu daidai wa daida ba, idan na cire buhu sai in mayar da buhu da rabi don a zauna lafiya. A duk Kudancin Kaduna tsibinmu ne kaɗai yake hawa sama.

Mama ce ta fara lura. Akwai wani tabon gatari a jikin mangoron, da tsibin yana ƙasa da shi, wata safiya ta ga ciyawa ta rufe tabon. Ta yi shiru mako biyu, domin ita ba ta magana sai ta tabbatar. Sa'an nan ta kira Madam Rifkatu, wadda ta zo da tsohuwar rularta ta aji ta auna. Bayan mako ta dawo ta sake aunawa, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Mama, abin nan ya ƙaru fa. Bari mu buɗe mu gani."

"A'a," in ji Mama. "Ba a gwada Ubangiji. Shi ya ga hawayen gwauraye. A bar shi ya gama aikinshi."

Ina bayan taga ina jin su, na yi ajiyar zuciya, domin ba mai buɗewa ke nan sai damina.

Lahadin da ta biyo baya Mama ta tashi a gaban ikilisiya ta ba da shaida. Ta ce shekara arba'in tana noman citta ba ta taɓa ganin iri ya ƙaru a kwance ba, amma ga shi da idonta ta gani, kuma kowa ya san ba ta faɗin abin da ba ta gani ba. Cocin ya ɗauki Halleluya, mata suna guɗa, wasu gwauraye suna kuka. Ba a gama share hawaye ba sai Baba Dogara, shugaban kwamitin gini, ya tashi a fusace da tasa sanarwar: duwatsun maza suna raguwa, a taya su addu'a Allah ya tona ɓarawo. Fasto ya ce to maza su duba kansu, matan da ba sa fashin addu'a kayansu ƙaruwa yake yi, su da ba a ganinsu sai ranar rabon nama ga abin da ya same su. Ina cikin mawaƙa, babu wanda ya kai ni tafi.

Labari ya bazu. Mutane suka riƙa zuwa kallon tsibi, har daga wasu majami'u. Matan zumunta suka karɓi hayar ƙarin fili, tun da irin ya fi ƙarfin gonar farko. Malam Sule ma ya zo, ya zagaya tsibin sau biyu hannu a baya, ya ce, "Mama, Allah mai iko ne, ba musu. Amma ni dai tun tasowata ban ga cittar da ta yi ƙiba ba ta ci komai ba. Da kin ɗan leƙa." Mama ta yi masa godiya ta ce a kawo masa ruwa. Da zai fita ya yi mini irin kallon da ya yi mini a kasuwa, ni kuma na duƙa ina gyara sarƙar babur da ba abin da ya same ta.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ga kasuwa ce ta buɗe. Na riƙa sa kuɗi da 'yan uwana masu babur a kan yatsa nawa tsibin zai ƙaru kafin Lahadi. Su hasashe suke yi, ni kuwa ni ne mai aikin al'ajibin. Ita ce kaɗai cacar da na taɓa ci a kai a kai a rayuwata, kuma duk abin da na ci, kafin rana ta faɗi na kai shi shago na baro shi a can.

Ruwa ya sauka, aka sa ranar yankan iri, wato yanyanka cittar ƙanana domin shuka. Mata suka cika gidanmu da safe cikin ankon zumunta, da wuƙaƙe da kwanoni da tulunan kiɗa. An gayyato dattawan coci su zo su ga ikon Allah. Matar fasto ta yi addu'a mai tsawo, ni kuma ina bakin ƙofa a kan babur, na riga na juya kansa wajen titi. Aka ba Mama girman ɗaga ciyawa. Kwano na farko citta ce mai kyau, aka yi guɗa. Na biyu ma haka. Na uku da Madam Rifkatu ta zura, sai muka ji ƙwal.

Kiɗa ya tsaya. Aka ture 'yar cittar da ke sama, sai ga duwatsu jere reras, domin gaskiya na iya shiri. Wata tsohuwa ta fasa ihu ta ce Shaiɗan ne ya juya albarka, a kama addu'a. Har an fara, sai Baba Dogara ya kutsa tsakiyar mata ya ɗago wani dutse mai ɗigon jan fenti.

"Wane Shaiɗan? Wannan dutse namu ne! Ni na sa mishi fenti da hannu na don in kama ɓarawo!"

Mama ta dubi dutsen. Ta ɗago kai ta bi jama'a da ido har ta iso kaina, ta tsaya. Ba harara ba ce, kallon wadda ta gane komai a lokaci ɗaya ne. Na buga babur.

Mararaban Rido na gudu, can kusa da garin Kaduna, wurin wani abokina mai faci. Abin da ya faru a gida sai daga baya na ji. Maganar ta kai ga 'yan sanda, aka tambayi Mama wa take zargi, ta ce ita aka ba ajiya, ita za a kama. Ta wuni a ofishinsu a bayan kanta da ankon zumunta a jikinta. Kafin ta shiga ta kwance ɗankwalin zumuntar ta ninke ta miƙa wa Madam Rifkatu. Ni a lokacin na sayar da babur, na zuba kuɗin duka a tikiti ɗaya, da nufin in ci in ciko mota da citta in koma gida a yi mini guɗa. Har na shirya abin da zan faɗa a coci.

Ba a sha wahalar nemana ba. Yayana, wanda ya san ni ne kuma ya san garin abokin nan nawa, ya ce wa 'yan sanda ba sai an bi gida-gida ba, a bi shagunan caca kawai. A shago na biyu suka same ni da hantsi, ina kallon wasan ƙasar Koriya, domin su da safiyarmu suke bugawa. Shi ne wasan da ya rage a tikitin. Ɗan sandan ya dafa kafaɗata.

"Oga, abeg," na ce, "saura minti takwas. In ya shigo zan biya kowa, har da kai."

Ya karɓi tikitin ya duba, ya kalli talabijin, ya ce, "Wanne ka ɗauka?" Na ce masu jar riga. Ya ja benci ya zauna, hannunsa ɗaya riƙe da wandona. A minti na ƙarshe mai tsaron gidan masu jar riga ya duƙa zai kama ƙwallo, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige. Ɗan sandan ya yi tsaki ya ce, "Ko caca ma ba ka iya ba. Tashi mu je."

A kotu aka jera duwatsu a gaban alƙali a matsayin shaida, Baba Dogara yana ta tambaya ko za a mayar musu bayan shari'a. Na amsa laifina, aka ba ni shekara ɗaya da rabi.

Kada ku ɗauka gidan yari ya gyara ni nan take. A makon farko na fara sa tuwona a kan kwanon wa ƙuda zai fara sauka, na yi kwana biyu ban ci abinci ba. A ɗakinmu akwai wani dattijo, Baba Tanko, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi ma caca ce ta kawo shi, janareton da maƙwabcinsa ya ba shi ajiya ya sayar. Na yi mamaki, domin ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba, ko tari aka yi sai ya zabura. Na tambaye shi yaushe ya fara, ya ce sai da ya haura hamsin, bayan ya yi ritaya matarsa kuma ta rasu.

"Ni ba daɗin abin nake ji ba, yaro na," ya ce. "Tunani ne yana kashe ni a gida. In na sa kuɗi, awa biyu ba na tuna komai. Kai tun kana ƙarami kana neman abin da zai tayar maka da jini, ni da tsufa na ina neman abin da zai kwantar mini da shi. Shago ɗaya ya karɓe mu duka biyu, bai tambaye mu ba."

Na ce masa ni ai rashin sa'a ne kawai ya kawo ni. Ya ce shi ma haka yake cewa kafin a rufe shi.

Mama ba ta zo ba sai da lokacin haƙar citta ya zagayo. Ta kawo mini faten acca a kula, tana sanye da wani tsohon zane na zaman gida. Da ta miƙo mini na ga hannuwanta duk yanka ne, sun yi baƙi. Ashe yankan citta take yi a gidajen mutane ana biyanta a wuni, tana saya wa gwaurayen iri kwano-kwano. Fasto ya ce mata ba ta da laifi, dattawa sun roƙe ta, amma da ƙafarta ta koma bencin baya, inda waɗanda aka sa wa horo suke zama. Na fara kuka ina cewa zan mayar da cittar.

"Ba citta ne ya dame ni ba," ta ce a hankali. "Citta ana shukawa ya fito. Na tsaya gaban Allah da mutane na ba da shaidan ƙarya, kai kana gani na, kana tafa hannu."

Ta jira na cinye ta ɗauki kularta ta tafi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma a karo na farko a rayuwata ban ga wanda zan rama a kansa ba. Tun ranar ban sake sa ko ƙwayar wake a kan komai ba.

Da aka sake ni na tsaya gaban ikilisiya na faɗi komai, ba tafi ba guɗa. Zumuntar maza suka ce sun yafe, amma tun da na nuna ina da baiwar ɗaukar dutse, ni ne lebura har aka gama harsashin ginin. Yanzu noma nake yi tare da Mama. Ƙaramar waya mai maɓalli nake riƙewa, wadda ba ruwanta da ƙwallo, kuma idan hanyata ta biyo ta gaban shagon caca tsallaka titi nake yi. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau idan na ga kaji biyu sun nufi ƙwayar hatsi ɗaya sai in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Sai in cije leɓe in ci gaba da tafiya.

To ku samari, ku san halinku tun da wuri. Idan kai mai zafin jini ne, ba ka iya jira, ba ka iya haƙuri idan an cinye ka, to don irinka aka buɗe shagunan nan, kada ka gwada ko da wasa. Idan kuma damuwa ce take cin ka, nemi mutum ka gaya masa, kada ka kai ta shago. Ku iyaye da yayye, idan kun ji yaro yana yawan cewa "me za ka sa", kada ku yi dariya ku ce wayo ne. Kuma kada wani ya ce ai nasa yake sawa, ba ruwan kowa. Ni ma haka nake cewa. Abin mutum da wuri yake ƙarewa, daga nan sai ya fara sa abin da ba nasa ba, wani kuma ba a sayar da shi a kasuwa balle a sayo a mayar.

Kwanan baya ni da Mama muka shiga motar haya daga Godogodo za mu dawo gida. Fasinjoji suna hirar wani ɗan siyasa da ya yi alkawarin titi da ruwan famfo. Direban, wani saurayi da bai san mu ba, ya ce, "Ku bar shi kawai, wannan cittan Mama Zumunta ne, buɗe ka ga dutse." Duk motar ta fashe da dariya. Ashe haka ake cewa yanzu idan ana nufin ƙarya, har a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Mama tana gefena, ta ɗan yi murmushi don kada a gane ta, ta juya fuska wajen taga. Har muka iso Kafanchan ba ta juyo ba.